Cold Fact, Faifan Rodriguez da Ya Yi Kwantai a Amurka Ya Yi Kasuwa a Afirka ta Kudu: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara saka waƙoƙin Rodriguez a mota, da wuya mutum ya shiga mu yi tafiyar minti goma bai tambaye ni wane ne wannan ba. Wasu sun ga fim ɗin da aka yi a kansa, Searching for Sugar Man, sun riƙe labarin tsaf, amma ba su taɓa zama sun ji faifan daga farko har ƙarshe ba. Wasu ko sunan ba su taɓa ji ba. Tambayoyin da suka fi dawowa ne na tara a nan.

Wai wane ne Rodriguez ɗin nan tukuna?

Cikakken sunansa Sixto Diaz Rodriguez. An haife shi ranar 10 ga Yuli, 1942, a Detroit ta jihar Michigan, birnin masana'antun mota na Amurka. Iyayensa 'yan asalin Meziko ne, masu cin guminsu. Shi ne ɗa na shida a gidan, daga nan sunan Sixto ya fito. Da a gidan Bahaushe aka haife shi, da Sadisu za a raɗa masa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 3.

A 1967 wani ƙaramin kamfani mai suna Impact ya fitar masa da ƙaramin faifai, aka ma sauya masa suna zuwa Rod Riguez, wai don ya fi shiga kunnen masu saye. Bai je ko'ina ba. Bayan nan ya yi manyan faifai guda biyu a sutudiyo, ɗaya a 1970, ɗaya a 1971. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara fitar da na uku ba.

Wane faifai ne ake magana a kai?

Na farkon, Cold Fact. An ɗauke shi a Detroit a 1969, ya fito a watan Maris na 1970 a ƙarƙashin kamfanin Sussex. Waƙoƙi 12 ne, duka-duka kaɗan ya ɗara rabin awa. A bangon faifan za ka ga mutumin zaune ya harɗe ƙafafu a cikin wani abu mai kamar ƙwallon gilashi, da hula da baƙin tabarau. Wannan hoton kaɗai miliyoyin mutane suka sani game da shi na kusan shekara 30, kuma ko idonsa ba a gani a ciki.

Kiɗan rok ne mai sanyi, irin wanda jita mara lantarki ke jan ragama, amma an yi masa ado da kayan kiɗan Detroit na wancan zamani: ganguna, ƙahonni, da goge irin na Turawa.

Ta yaya aka gano shi har aka kai shi sutudiyo?

Wasu makaɗa biyu na Detroit, Mike Theodore da Dennis Coffey, suka ji labarin wani mai waƙa a wata mashaya kusa da kogi da ake kira The Sewer, wato kwata, magudanar ƙazanta. Sunan kaɗai ya isa ya faɗa maka irin wurin. Suka shiga suka tarar da ɗaki ya turnuƙe da hayaƙin taba, can a lungu wani yana kaɗa jita yana waƙa, ya juya wa jama'a baya. Haka yake wasansa. Su biyun suka zama furodusoshin faifan, suka kuma haɗa shi da Clarence Avant, wani baƙar fata mai dogon hannu a harkar waƙa wanda a lokacin yake kafa Sussex.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne su wa suka yi masa kiɗa. Coffey yana cikin makaɗan da ke yi wa Motown aiki, wato shahararren kamfanin waƙoƙin baƙar fata na Detroit. Jitarsa ce ake ji a wasu manyan waƙoƙin ƙungiyar Temptations. Bob Babbitt, wanda ya kaɗa bes, wato jitar nan mai kaurin murya, shi ma ɗan Motown ne. Andrew Smith ne a kan ganguna. Saboda haka faifan da ake wa kallon aikin wani lebura da ba a san shi ba, ƙwararrun ƙwararru ne na birnin suka yi masa rakiya.

Wani abin ban sha'awa: a cikin faifan akwai waƙa mai suna Inner City Blues. Shekara guda bayan haka Marvin Gaye ya fitar da tasa mai wannan suna, wadda duniya ta fi sani. Waƙoƙin daban suke, amma Babbitt ɗin nan ne ya kaɗa bes a ta Marvin Gaye.

Wace waƙa zan fara ji?

Kowa zai ce maka Sugar Man, domin ita ce ta buɗe faifan, ita ce kuma ta ba fim ɗin suna. Ni kuwa I Wonder nake fara saka wa baƙo. Kafin Rodriguez ya buɗe baki, bes ɗin Babbitt ne ke fara magana shi kaɗai, yana hawa yana sauka kamar yaro mai tsallake matakala bibbiyu. Idan lasifikar wayarka ƙarama ce ba za ka ji komai ba, ka nemi abin sawa a kunne. Sai muryar ta shigo a hankali, ba ihu, ba rawar murya, yana jero tambayoyi. Da farko wata mace yake wa tambayoyin, har da waɗanda kunya ba za ta bar mu mu yi ba. Kafin ka ankara ya bar ta, ya koma tambayar hawayen yara, da sojan da ke mutuwa a fagen daga, da ko ƙiyayya za ta taɓa ƙarewa. Duka a cikin minti biyu da rabi, kuma kiɗan bai daina sa ka gyaɗa kai ba. Wani ƙanena da ba ya jin Turanci sosai ya sa na maimaita masa ita sau huɗu a tafiya ɗaya, ya ce shi wannan mai jitar ƙasa-ƙasan yake bi, mai waƙar ya yi ta surutunsa.

Daga nan ka koma Sugar Man. Jita ce a hankali, da muryar mutumin da ya gaji, sai can wajen ƙarshe wasu sautuka su fara shawagi suna karkacewa, waƙar ta narke kamar hankalin mai maganar ne ke gushewa. Aikin Theodore ne wannan, kuma shekara 50 ba su tsofar da shi ba.

Ta uku ita ce wadda ake taƙaita dogon sunanta da Establishment Blues. Wannan kusan karatun kanun jarida ne a kan kiɗa: magajin gari na ɓoye alƙaluman laifi, ba a kwashe shara, cinikin bindiga ya hau, jama'a na fushi amma sun manta ranar zaɓe. Ka tuna a watan Yulin 1967 Detroit ta yi tarzomar da ta ci rayuka 43, ga yaƙin Biyetnam na ta cin samari. Wanda ya taɓa zama a garin da bola ta toshe kwata alhali 'yan siyasa na ta zuba alkawari, ba ya buƙatar tafinta.

Crucify Your Mind kuwa, a kunnena, ita ce mafi kyawun rubutu a faifan, ga ƙahonni da wani kiɗan katako mai sanyi a bayanta. Only Good for Conversation ita ce mai zafin. Jitar lantarkin Coffey tana gurnani tun daga farko, har za ka ɗauka wani faifan aka canza.

Duk waƙoƙin ne suka yi kyau?

A'a. Biyu daga ciki, Hate Street Dialogue da Gommorah, ba shi ya rubuta su ba. Furodusoshin ne da wani abokin aikinsu Gary Harvey. Ta farkon ta zauna daidai. Gommorah kuwa, da amshin yaran da aka cusa mata, ni tsallake ta nake yi. Sannan akwai wuraren da gatsensa ga mata ya yi yawa, ka ji kamar saurayin da aka yaudara ne ke huce haushi da manyan kalmomi. Faifan farko ne na mutum ɗan shekara 27, kuma ana jin hakan.

An ce kwaikwayon Bob Dylan, fitaccen mawaƙin nan na Amurka, kawai yake yi. Haka ne?

Tasirin yana nan, ba a ɓoye yake ba, musamman a yadda yake jero kalmomi da habaici. A wancan lokacin duk wanda ya rataya jita yana sukar zamani, da Dylan ake auna shi. Amma muryar Rodriguez ta fi santsi, kalmominsa sun fi fita, kuma bes da gangunan da ke ƙarƙashinsa na Detroit ne, na unguwannin baƙar fata. Dillalan ƙwaya da karuwai da masu kwana a titi da yake waƙa a kansu, maƙwabtansa ne.

To me ya sa faifai irin wannan ya yi kwantai?

Dalilai ne suka taru. Gidajen rediyon Amurka ba za su saka waƙar da ta ambaci ƙwayoyi da sunayensu ba, ita ce kuwa ta farko a faifan. Sussex sabon kamfani ne, ƙarfinsa kuma a kiɗan baƙar fata yake. A 1971 ya samu Bill Withers wanda ya yi kasuwa nan take, shi ma Coffey ya yi tashe da wani kiɗansa mai suna Scorpio a shekarar. Kamfani kuwa inda kuɗi ke fitowa nan yake zuba ido. Wasu na ganin sunan ma ya cuce shi: mai saye ya ga Rodriguez a bango sai ya zaci kiɗan Latin ne. Ga uwa uba shi kansa. Mutumin da ke juya wa masu kallo baya ba zai iya yawon tallar kansa gari-gari ba.

A cikin fim ɗin an tambayi Avant kwafi nawa aka sayar a Amurka, ya ce shida. Ba'a yake yi, amma ba'ar ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Faifai na biyun fa?

Coming from Reality, an ɗauke shi a Landan tare da furodusa Steve Rowland, ya fito a ƙarshen 1971. Ya fi na farko laushi, gogen Turawa ya fi yawa a ciki. Shi ma ya kwanta. A cikinsa akwai waƙar Cause, inda mai maganar ke cewa ya rasa aikinsa saura mako biyu Kirsimeti. Faifan na fitowa ba da jimawa ba, a watan Disamba, Sussex ta sallame shi. Kamfanin kansa ya rufe a 1975. Akwai masu fifita wannan faifan a kan Cold Fact. Ban bi su ba, amma Cause da I Think of You sun isa a saurara.

Da aka sallame shi ina ya nufa?

Ya koma aikin ƙarfi: rushe tsofaffin gine-gine, gyaran gidaje, leburanci. A shekarun 1970 ya sayi wani kangon gida a unguwar Woodbridge a gwanjon gwamnati kan dala 50, ya zauna a ciki shekaru da dama. Ya yi karatu da guminsa har ya samu digiri a fannin falsafa daga Jami'ar Wayne State a 1981. Ya tsaya takara fiye da sau ɗaya, har da ta magajin garin Detroit, bai taɓa ci ba. Ya tarbiyyantar da 'ya'ya mata uku. Masu ba da labarinsa suna son su nuna shekarun nan kamar kabari ne aka tono shi daga ciki. Shi bai taɓa magana a kansu da wannan murya ba. Aiki ne, ya yi shi.

Ta yaya faifan ya je Afirka ta Kudu?

Akwai labarin da ake yawan bayarwa, cewa wata Ba'amurkiya ce ta je ziyarar saurayinta da kwafi ɗaya, aka yi ta kwafa a kaset har ya bazu. Labari ne mai daɗi. Abin da ke tabbace shi ne tun farkon shekarun 1970 kamfanonin can suka riƙa buga faifan suna sayarwa a shaguna, kaset kuma ya ƙarasa sauran aikin. Ana ƙiyasta an sayar da kusan rabin miliyan a ƙasar. Ya kuma shiga Zimbabuwe da Botswana. A 1976 aka fitar da faifai na biyun a can da sabon suna, After the Fact.

Sai ka dubi yadda ƙasar take a lokacin. Gwamnatin wariyar launin fata ta toshe kusan kowace kafa; talabijin ma sai 1976 aka fara. Gidan rediyon gwamnati, SABC, yana da hanyarsa ta hana waƙa: a ɗauko faifan garmaho, a sa abu mai tsini a karce layin waƙar da ba a so, yadda ko ma'aikaci ya yi gigin sakawa allura ba za ta bi ba. A fim ɗin an nuna wata ma'aikaciyar ɗakin ajiya ta zaro Cold Fact daga jakarsa, ga karcen nan a kan Sugar Man. Abin da aka hana kuwa, shi matasa ke nema. Samarin Turawa da ake tilasta wa aikin soja suka tafi da kaset ɗinsa barikokin iyakar Namibiya da Angola. A gidajen Turawa masu matsakaicin hali, faifan yana jere da na Beatles da na Simon da Garfunkel, kuma masu shi sun ɗauka a Amurka ma haka yake, babban tauraro.

Da gaske waƙoƙinsa sun taimaka wajen rushe wariyar launin fata?

Nan sai an yi hattara. Masoyansa a can akasarinsu Turawa ne. Waɗanda suka ɗauki nauyin gwagwarmayar su ne waɗanda aka harbe a Sharpeville a 1960, da ɗaliban Soweto na 1976, da Mandela da ya yi shekara 27 a kurkuku, da mawaƙa irin su Miriam Makeba da Hugh Masekela da suka yi zaman gudun hijira. A ɗora wannan nasara a kan faifan wani ɗan Detroit da bai ma san ana jin sa ba, rashin adalci ne.

Abin da faifan ya yi ƙarami ne amma na gaske. Ya nuna wa wasu 'ya'yan Turawa, waɗanda aka raina a kan biyayya ga coci da gwamnati da soja, cewa mutum na iya tsayawa ya ce garinsu ya lalace. Wasu daga cikin mawaƙan Turawa masu harshen Afrikaans da suka yi yunƙurin waƙa mai suna Voëlvry a 1989, suna sukar gwamnati da harshen da ita kanta take magana da shi, sun ce daga wajensa suka fara jin irin wannan magana.

Daga ina labarin mutuwarsa ya fito, wa kuma ya gano yana raye?

Inda babu labari, jita-jita ce ke cike gurbi. Babu hira, babu hoto sai na bangon faifai, sunan marubucin waƙoƙin ma ya kasu: wani wuri Sixto, wani wuri Jesus Rodriguez. Sai a Afirka ta Kudu aka yi ta cewa ya harbe kansa a kan dandamali, wasu su ce wuta ya cinna wa kansa, wasu su ce ƙwaya ce ta kashe shi a kurkuku.

Mutum biyu ne suka ƙi haƙura. Stephen Segerman, wanda tun a soja abokai ke kira Sugar saboda sunansa ya yi kama da na waƙar, da wani ɗan jarida, Craig Bartholomew Strydom. Abin da suka fita nema shi ne yadda ya mutu. Strydom ya bi sawun kuɗin faifan bai kai ko'ina ba, sai ya koma cikin waƙoƙin yana tsintar sunayen garuruwa. A Inner City Blues an ambaci Dearborn. Ya duba taswira, ya ga gari ne a gefen Detroit. Daga nan ya lalubo Mike Theodore ta waya a 1997, ya tambaye shi yadda Rodriguez ya mutu. Theodore ya ce wace mutuwa, mutumin na nan Detroit da ransa. A shekarar dai, babbar 'yarsa ta ci karo da shafin intanet da Segerman ya buɗe, wanda aka sa hoton mahaifinta a jikin kwalin madara, yadda Amurkawa ke cigiyar yaran da suka ɓata. Ta rubuta musu.

Ranar 6 ga Maris, 1998, ya hau dandamali a Bellville Velodrome da ke Cape Town. Mai bes ya fara kaɗa mabuɗin I Wonder, ihun jama'a ya hana waƙar farawa, aka tsaya ana ta sowa na tsawon mintuna. Da ya samu bakin magana, godiya ya yi musu da suka riƙe shi da rai. Ya yi wasanni shida a wannan zuwan, ya koma Detroit ya ci gaba da aikinsa.

Fim ɗin duk gaskiya ne?

Searching for Sugar Man, wanda Malik Bendjelloul, ɗan Suwidin mai uba ɗan Aljeriya, ya shirya, ya fito a 2012 ya kuma ci kyautar Oscar a 2013. Kuɗi sun ƙare masa a tsakiyar aiki har ya ɗauki wasu wuraren da wayar iPhone. Fim ne mai kyau, kuma abin da ya nuna ya faru. Matsalar tana wajen abin da ya tsallake. Rodriguez ya yi suna a Ostiraliya da New Zealand tun shekarun 1970. An fitar da tarin waƙoƙinsa a can a 1977, ya je ya yi wasanni a manyan zaure a 1979, ya koma a 1981 har ya haɗa dandamali da ƙungiyar Midnight Oil. Saboda haka lokacin da ake makokinsa a Johannesburg, mutanen Sydney sun gan shi da idonsu. Hujjar masu fim ita ce labarin masu neman suke bayarwa, su kuwa ba su san da wannan ba. Na karɓi hujjar rabi da rabi.

Kuma kafin fim ɗin ma faifan ya fara motsi a Amurka da Turai. Nas, mawaƙin rap na Amurka, ya yanki wani ɓangare na Sugar Man ya saka a kundinsa Stillmatic a 2001. Kamfanin Light in the Attic na Seattle ya sake buga Cold Fact a 2008, na biyun a 2009. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya kai sunan gidan kowa: faifan ya shiga Billboard 200, jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka, bayan fiye da shekara 40 da fitowarsa, mai shi kuma ya hau dandamalin manyan bukukuwan waƙa na Coachella a Amurka da Glastonbury a Ingila a 2013 yana ɗan shekara 70. Bikin Oscar ɗin bai je ba, don kada ya janye hankali daga waɗanda suka yi fim ɗin.

Abin da ke damuna da fim ɗin ba tsallake Ostiraliya ba ne. Labarin ya yi daɗin da ya haɗiye faifan. Na sha haɗuwa da mutanen da za su ba ka tarihin nan daki-daki, kwalin madara da komai, amma ka ce su ambaci waƙa uku sai su tsaya a ɗaya.

Ina kuɗin kwafi rabin miliyan ɗin suka shiga?

Ba aljihunsa ba. Tsawon shekarun da faifan ke kasuwa a Afirka ta Kudu, kasonsa bai iso shi ba. Kamfanonin can sun ce sun riƙa aika kuɗin haƙƙin mallaka zuwa waje. Sussex kuwa ta rufe tun 1975. Da aka matsa wa Avant da tambayar a fim ɗin, ransa ya ɓaci, ya nuna cewa ba wanda zai damu da kwantiragin 1970. A 2014 wata shari'a ta taso a Michigan: kamfanin Gomba Music na Harry Balk, wanda Rodriguez ya sa wa hannu tun shekarun 1960, ya yi ƙarar cewa an rubuta sunan Jesus Rodriguez, ɗan'uwan mawaƙin, a kan waƙoƙin ne don a kauce wa wancan kwantiragi. Ka ga ashe ruɗanin sunan da ya sa mutanen Cape Town suka kasa gane ko mutum ɗaya ne ko biyu, yana da alaƙa da rigimar takarda.

Kuɗin da ya samu na gaske daga wasanni ne, bayan 1998 da kuma bayan fim. Na kusa da shi sun ce yawancinsu rabar da su ya yi ga 'yan'uwa da abokai.

Waƙar ƙwaya ce fa. Ya dace mutum ya saurara?

Tambaya ce mai kyau, ba kuma zan yi kwana-kwana ba. Sugar Man roƙon mashayi ne ga dillalinsa, an kuma ambaci ƙwayoyi da hodar iblis da tabar wiwi. Amma ka saurari muryar: babu murna a cikinta, mutum ne da ya gaji, abokin ƙarya ya kai shi ya baro. Rodriguez kansa ya sha faɗa a dandamali cewa waƙar bayyana hali take yi, ba shawara take bayarwa ba, yana kuma gargaɗin matasa su nisanci ƙwaya. Duk da haka ba faifan da zan saka ba ne yara na cikin mota, ko a gaban surukai. Akwai layi ɗaya a I Wonder da zai sa ka nemi maɓallin rage murya da sauri. Kowa ya san inda iyakarsa take.

Akwai irin wannan labari a wajenmu?

Mafi kusa da na sani shi ne na Mamman Sani na Nijar, ko da yake shi ba rok yake yi ba, kiɗan ogan na lantarki ne. Ya ɗauki kaset a 1978, kwafi kaɗan aka yi. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, aka sake buga shi a 2013, Turawa suka yi ta murnar sun tono abin da ya ɓata. Alhali mutanen Nijar sun shekara suna jin kiɗan nan a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. Haka Cold Fact: a Amurka ne ya ɓata, a Cape Town da Sydney kullum yana kan faranti.

A ina zan same shi, kuma yaya ya fi kyau a ji shi?

Yana kan Spotify da YouTube da sauran manhajojin waƙa. Kundin waƙoƙin fim ɗin ma yana nan, amma gauraye ne na faifan biyu; gara ka nemi Cold Fact ɗin kansa, ka bi shi a jere yadda aka tsara, rabin awa ne kawai. Kada ka fara da bidiyon wasanninsa na bayan 2012. A lokacin tsufa ya kama shi, ciwon ido na gilakoma ya cinye masa gani har sai an riƙo hannunsa zuwa gaban makirfo, muryar ma wata rana ta zo wata rana ta ƙi. Wanda ya fara da waɗannan zai yi mamakin abin da ake zuzutawa.

Yana raye har yanzu?

Ya rasu ranar 8 ga Agusta, 2023, a Detroit, yana da shekara 81. Bendjelloul ya riga shi tun 2014, yana ɗan shekara 36 kacal. Clarence Avant, mutumin da ya ɗauke shi a Sussex ya kuma sallame shi, ya rasu ranar 13 ga watan, kwana biyar bayan Rodriguez.